Itacen Ɗaki Ba Albasar Lambu Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga mahaifinka Idi, a Kibiya, zuwa ga ɗana Abba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ka Abuja lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin direba mai gaggawa, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ka shiga gidan mutane da ƙafar dama. Amin.

Za ka ce me ya kawo takarda, alhali gida ɗaya muke kwana, tuwo ɗaya muke ci. Abin da ya kawo ta shi ne, sau uku ina zaunar da kai in yi maka magana a kan aikin nan, sau uku kana kallon bakina kana jiran inda abin dariyar zai fito. Shekaranjiya da na ce maka ruwa yana kashe itace, sai ka dafe ciki, ka ce, "Baba ke nan," ka kaɗe wandonka ka fita. Ba don sunan mahaifina da kake ɗauke da shi ba, da na bi ka da takalmi. Amma da na zauna na yi tunani, ban ga laifinka sosai ba. Mutumin da ya sa wa Kawunka Sule kwaɗo a cikin buta ranar ɗaurin aurensa, ba zai wayi gari ya ce a ɗauki maganarsa kamar huɗubar Juma'a ba. To, takarda ba ta da fuska, ba za ka ga ina murmushi ba. Ka karanta ta a mota, ka sake karantawa idan ka sauka.

Ka san yadda aikin nan ya zo maka. Honarabul ya gina gida, ya cika falonsa da itatuwa a cikin tukwane, ya ce wa direbansa, wato Kawunka Sule, ya nemo masa wanda zai kula da su. Sule ya ce ai mijin ƙanwarsa, wato ni, ya yi irin wannan aiki a gidan wani Kwara, irin fararen fatar nan 'yan kasuwa, a Kano, babu wanda ya kai shi sanin kan itacen ɗaki tun daga Rano har Kibiya, kuma ɗansa ya gada. A kan wannan magana aka ce ka zo gwajin wata uku. Idan itatuwa sun rayu, aiki naka ne. Idan sun mutu, ka dawo lambu. Lambun nan kuwa ka san shi, ba zai ɗauke ku kai da ƙannenka uku ba, ko da kuwa kowa zai tsaya da ƙafa ɗaya.

Sule bai yi ƙarya da gangan ba. Abin da na shekara ashirin ina faɗa a majalisa shi ya maimaita. Ni ne na yi kurin, kai ne za ka je ka biya. Shi ya sa dole in gaya maka yadda abin ya kasance.

Jiya uwarka ta ce in taya ta ɗaure kayanka. Me zan gani? Rabin buhu na kashin awaki, da adda, da garwar ban ruwa. Abba, gona aka ce maka za ka je nomawa? Na fitar da su duka, suna zaure. Kada ka tambayi uwarka, ba ruwanta.

Ni dai har gobe ban gane wa masu kuɗi ba. Allah Ya yi itace a waje, Ya yi mutum a ɗaki. Tun da aka dawo mulkin farar hula, duk wanda ya ci zaɓe sai ya sare darbejiyar ƙofar gidansa don motoci su samu wurin tsayawa, sannan ya sayo wani itacen daga ƙasar waje ya kai shi falo, ya ɗauki ɗan mutane ya riƙa goge masa ganye. Amma tunda ta nan Allah Ya ajiye maka abinci, ba namu ba ne mu yi gardama. Namu shi ne kada itacen ya mutu a hannunka.

Lokacin da na tafi gidan Kwaran nan kana goye a bayan uwarka, zamanin soja. Shi yadi yake sayarwa, ba ya wuni a gida. Itatuwan na matarsa ne, Madam muke ce mata. Akwai kuma wani tsoho mai dafa musu abinci, mutumin Rurum Tsohon Gari, ana ce masa Baba Kuku. Ya daɗe a gidan, ya ga masu irin aikina sun zo sun tafi. Ba ya magana sai ya ga ka riga ka faɗa rami, sannan ya leƙo ya gaya maka sunan ramin. Ban san sunayen itatuwan ba, ni da ban wuce allo ba, saboda haka na raɗa musu nawa. Akwai Mai-faifai, ganyensa faffaɗa mai kauri. Akwai Ɗan-giginya, guda biyu, a bakin matakala. Akwai Yagagge. Akwai kuma wani da zan zo kansa daga baya.

Kuskurena na farko ruwa ne, kuma shi nake ji maka tsoro, don na ga garwar nan. Na tashi a lambu kamar kai. A wurinmu komin albasa idan ya kwana bai sha ba, ka yi asara. Sai na riƙa ba Mai-faifai bokiti guda da safe, bokiti guda da yamma, ina ganin ina kyauta masa. Bayan mako biyu ganyen ƙasa ya fara yin rawaya. Na ce ashe bai ƙoshi ba, na ƙara na azahar. Ganye ya fara zuba. Na ƙara na la'asar. Rannan Baba Kuku ya zo wucewa da tire, ya tsaya, ya shaƙi iska, ya ce in tura yatsa a cikin ƙasar in sansana. Na tura, na ji kamar kwatamin mahauta. Ya ce, "Idi, wannan ba ƙishirwa yake ji ba. Nitsewa yake yi."

Ka gane, a lambu rana tana sha, iska tana sha, ƙasa tana tsotsewa ta kai can ƙasa. A tukunya babu inda ruwa zai je. Saiwa ta zauna a ciki ta ruɓe, itace ya kasa sha ko da yana tsakiyar ruwa, sai ya yi maka fuskar mai ƙishirwa, kai kuma ka ƙara. Saboda haka kada ka ba da ruwa don gari ya waye. Ka tura yatsa har gaɓa biyu. In ka ji danshi, ka ɗauki bokitinka ka wuce, ko da hannunka yana ƙaiƙayi. In ka ji a bushe, ka zuba a hankali har ka ga ya ɗigo ta hudar gindin tukunya, sannan ka tsaya. Abin da ya taru a farantin ƙasa ka kwashe, kada ya kwana. Ranar da ka isa ma, kafin ka sha ruwa, ka karkata kowace tukunya ka duba ko tana da hudar. Masu kuɗi kyan tukunya suke saya, ba sa duba gindinta.

Kuma ba kai kaɗai za ka riƙa ba su ruwa ba, wannan ka sani. Gidan ɗan siyasa kasuwa ne. Wannan zai tofa tuƙar goro a tukunya, wancan ya juye ragowar shayi, wani ya kashe sigari. Na ji an ce tun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, wasu manyan sai sun je Abuja ƙishirwa take kama su. Idan suna zaune wani malami ya yi sallama, abin da ke cikin kofi a gindin itacenka zai ƙare. Ba ka gani ba, ba ka ji ba, kuma kada ka ɗanɗana don ka tabbatar. Da safe ka kwashe ƙasar sama, ka sa sabuwa. Ka nemi gwangwani ka cika da yashi ka ajiye kusa da kujerar masu goro. Wasu za su gane, wasu ba za su gane ba.

Sai maganar taki. Da Mai-faifai ya fara farfaɗowa, sai na ga ya rame, tausayi ya kama ni. Na je bayan gari na samo ɗanyen kashin awaki, har da na kaji don ya fi ƙarfi, na bi tukwanen falo duka na tula musu, na yayyafa ruwa. Kwana biyu ba komai. Rana ta uku Madam ta gayyaci matan 'yan'uwansu cin abincin rana, an rufe tagogi. Abba, ban taɓa sanin Kano tana da ƙudaje masu yawa haka ba. Kamar an yi musu shela. Wata baƙuwa ta ɗaga ganye don ta yaba, ta ga tsutsa tana mata barka da zuwa. A lambun gidan aka ƙarasa cin abincin, ni kuwa na wuni ina kwasar abin da na zuba da hannuna, Baba Kuku yana tsaye yana tambayata ko in kawo saniyar ma gaba ɗaya, a ɗaure ta a bayan kujera. Kuma ba warin kaɗai ba, ɗanyen taki zafi gare shi, ya ƙone saiwar Ɗan-giginya guda, ya yi wata uku yana jinya.

Itacen ɗaki ba ma'aikacin gona ba ne, mai zaman inuwa ne, cinsa kaɗan. Akwai takin da masu sayar da itatuwan suke bayarwa a kwalba ko a leda. Ka ce a saya maka shi, ka sa wani mai boko ya karanta maka awon, sannan ka zuba rabin abin da ya ce. Lokacin da ka ga yana toho ake ba shi. In ya tsaya cik, ka ƙyale shi, hutawa yake yi.

Ka lura, duk ɓarnar da na yi, tausayi ne ya sa ni. Na uku ma haka. Ina zaune rannan ina kallon Ɗan-giginyan da ya rage, na ce wannan bawan Allah tun da na zo bai ga rana ba, kamar ɗan kurkuku. Na kinkime shi, bayana har yau yana tuna mini, na kai shi tsakar gida da hantsi, a watan bazara, na ce sha iska. Na tafi masallaci, na biya wurin mai rake, na tsaya kallon dara. Da na dawo la'asar, ganyen sama duk ya yi fari-fari kamar an ɗora masa dutsen guga. Wanda ya ƙone kuwa ba ya dawowa. Madam ta tambaye ni wa ya ce in fitar da shi, na ce shi ya roƙe ni. Ta kusa yin dariya, amma ba ta yi ba.

Haske suke so, ba rana ba. Kusa da taga, bayan labule mai shara-shara. Za ka ga itace yana karkata wajen tagar kamar mai leƙen maƙwabta. Duk Juma'a kafin ka tafi masallaci ka ɗan juya tukunyar kaɗan, don kowane gefe ya samu rabonsa. Kada ka ajiye shi a bakin iyakwandishan, sanyin nan yana busar da ganye fiye da zafi. Kuma in ka samu inda yake jin daɗi, ka bar shi a nan. Matar gida za ta ce a kai shi wancan lungu don ya yi kyau da kujeru. Ka ce to, ka yi mata bayani cikin ladabi, in ta dage ka kai, amma ka tabbata wani ya ji lokacin da ka yi bayanin.

Yagagge kuwa, shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Ganyensa manya ne, kowanne da huji-huji da tsaga. Ni da na saba ganin abin da fara take yi wa wake, na ce ƙwari sun gama da wannan. Na ɗauki wuƙa na bi duk ganyen da ke da huji na yanke, na bar 'yan ƙanana uku masu lafiya, na barbaɗa toka. Na je na kira Madam da kaina don ta ga aiki. Ashe haka Allah Ya halicce shi, kuma hujin nan shi ake saya. Shekara biyar tana jiran ya fara. Saboda haka na cire addar nan daga kayanka. Duk abin da ka gani a jikin itacen da ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka yanka. Busasshen ganye kaɗai za ka cire, da almakashi mai tsabta. Idan Honarabul yana da irin Mai-faifai, ka kula, farin ruwa yake fitarwa kamar tumfafiya, kada ka sosa ido da hannun.

Na kuma taɓa shafa wa ganye man gyaɗa don ya yi ƙyalli. Ya yi ƙyallin kwana ɗaya. Washegari kiyashi suka yi layi tun daga ƙofar gida, ƙura ta manne ta yi kamar ƙuli. Tsumma mai laushi da ruwa zalla, ka tallafi ganyen da tafin hannu ka goge sama da ƙasa. A ƙasan ganye ƙwari suke ɓuya, wasu farare kamar auduga. Ruwan sabulu kaɗan yana korar su in ka gan su da wuri.

Labarin gwaiba ka riga ka san shi, don shi nake bayarwa a majalisa: yadda na ɗaure gwaiba bakwai da baƙin zare a jikin Mai-faifai, Kwara ya fito ya gani ya kira abokansa su zo su ga ikon Allah, har wani ya tsinka ya ci ya ce bai taɓa jin irin wannan zaƙi ba. Gaskiya ne, an yi haka, kuma da aka gane an yi dariya har da Madam. Amma kada ka gwada. Kwara ya iya dariyar kansa. Ɗan siyasa bai iya ba, musamman a gaban mutanen da za su kai labari gida kafin zaɓe.

Duk waɗannan an yafe mini. Yanzu zan zo kan wanda ba a yafe ba, wanda ba ka taɓa ji ba.

A bayan falon akwai wani ɗaki mai rufin gilashi. A nan Madam ta ajiye itacen zaitun a cikin wata tukunya da mutum biyu ba za su ɗaga ba. Ya fi ni tsayi kaɗan, kaurin jikinsa bai wuce taɓarya ba, ganye ƙanana masu toka-toka. Ba shi da wani kyau. Amma mahaifinta ne ya yanko reshen daga itacen gidansu a can ƙasarsu, ya kawo mata lokacin da ta yi aure. Mahaifin ya rasu, gidan kuma yaƙi ya ci shi. Shi kaɗai ne itacen da take ba ruwa da hannunta. Ni nawa goge tukunya da share ganyen da ya faɗo.

Da na zo gida Sallah, bakin nan nawa da ba ya zama, na ce wa mutane ni fa yanzu zaitun nake kiwo, itacen da Allah Ya ambata a cikin Littafinsa. Kafin in koma, malamina na allo ya kira ni ya ce in kawo masa ganye kaɗan zai haɗa da rubutu. Wa zai ce wa malaminsa a'a? Na kawo. Sai kakarka, mahaifiyar uwarka, ta aiko cewa gwiwa ta hana ta sallah a tsaye, an ce mata sassaƙen zaitun ne maganin. Wa zai ce wa surukarsa a'a? Ka san yadda muke yi a nan: ka je gindin marke ko ƙirya da ɗan gatari, ka ɗebi ɓawo, damina ta zo ya warke, kamar ba a taɓa ba. Na ce ai itace itace ne. Na sa wuƙa na ɗebi kaɗan ta gefen bango, na shafe wurin da laka.

Magana ta bazu. Wani daga Zinyau ya biyo ni har Kano, ɗansa ba lafiya, yana hawaye. Na ɗiba masa. Kakarka ta sake aikowa cewa mai maganin da ya ba ta shawarar ya ce ba a yi daidai ba, sai an haɗa na gabas da na yamma. Na ɗebi na gabas da na yamma. Kowane lokaci sai in ce wannan ne na ƙarshe, in shafa laka, in ɗan murɗa tukunyar. Abin da ban sani ba, itace ta ƙarƙashin ɓawonsa abincinsa yake bi. Babban itacen daji ka ɗebi tafin hannu, saura da yawa. Wannan kuwa taɓarya ce. Ban ankara ba sai da ciwon gabas ya haɗu da na yamma, ya zagaye shi kamar awarwaro.

Baba Kuku ya gani tun kafin ya gama zagayewa. Sau ɗaya ya yi magana, ya ce, "Je ka gaya mata yau." Na ce gobe. Goben nan ta yi wata biyu.

Ganye ya fara bushewa daga sama. Madam ta tambaye ni, na ce lokacin zubar ganyensa ne. Ta ce zaitun ba ya zubar da ganye. Na ce to, bakin mutane ne, baƙi sun cika yaba shi, har na kawo shawarar a rataya masa laya. Ta canza ƙasa, ta rage ruwa, ta ƙara ruwa, ta kira wani masani daga nesa ya duba ganye da saiwa bai ga komai ba, ina tsaye a gefe na tare gefen lakar da jikina. Sai rannan da safe ta durƙusa tana shafa jikin itacen kamar mai duba zazzaɓin yaro, farcenta ya kankaro laka. Ta ci gaba da kankara har ta zagayo inda ta fara.

Na ɗauka za ta yi ihu, na shirya abin da zan faɗa, har da na ban dariya. Ba ta yi ba. Zama ta yi a ƙasa dirshan, babbar mace, ta tambaye ni da Hausarta tun yaushe. Na faɗa mata. Sai ta ce, "Da ka gaya mini a lokacin, da na yanki reshe na dasa."

Ka ji, Abba. Ko bayan na yi ɓarnar, akwai wata biyu da rassan suke da rai. Reshe ɗaya ya isa, kamar yadda mahaifinta ya yi. Wuƙata ta ji wa itacen ciwo, amma shirun da na yi ne ya hana a samu magajinsa. Gwiwar kakarka kuwa, Allah Ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta a zaune take sallah.

Yanzu ka gane abin da ya sa na kasa cin tuwo ranar Talata. Ina zaure ina ji Gwaggonka Asabe tana ce maka ta ji Honarabul yana da wani itace da aka kawo masa daga Makka, in ka zo hutu ka taho mata da ɗan ɓawonsa saboda ciwon bayanta. Kai kuma, ko ganin itacen ba ka yi ba, ka ce, "To Gwaggo, in sha Allahu." In sha Allahu me? Bayan Gwaggo akwai liman, bayan liman akwai uban yarinyar da kake wa kallon gefen ido, wanda ba za ka iya haɗa ido da shi ba balle ka hana shi. Kowa kaɗan zai ce. Ni ma kaɗan-kaɗan na ɗiba. Itacen nan amana ne, ba naka ba ne, ba ka da ikon kyauta da ganye ɗaya. In kunya ta hana ka cewa a'a, ka ɗora a kaina. Ka ce Baba ya hana, ya ce duk wanda ya matsa zai aiko masa da sassaƙen turken jaki. Sun san ni, sun san zan aikata. Gwaggonka kuma ni zan ji da ita, gobe zan kai ta asibitin Rano a duba bayan.

Za ka yi kuskure, wannan ba makawa, ɗana ne kai. Wanda za ka yi ma wataƙila ba ya cikin takardar nan. Abin da nake roƙonka ɗaya ne: ranar da ka ga itace ya canza fuska, ko kai ka jawo ko ba kai ba, a ranar za ka faɗa wa mai shi, kafin ka yi sallar azahar. Za a yi maka faɗa, wataƙila a zage ka a gaban mutane. Ka sunkuyar da kai ka sha. Faɗa ba ya kashe itace.

Kwaran bai dake ni ba, bai kira 'yan sanda ba. Ƙofa kawai ya sa aka buɗe mini. Na kasa dawowa Kibiya. Wata biyu na yi a tasha ina dakon kaya, ina ɓuya in na hango motar garinmu, kai kana nan kana koyon tafiya ban gani ba. Kada ka yi wannan. In duk ka yi iyakar ƙoƙarinka abin ya ƙi, aka sallame ka, ka hau mota ka taho gida kai tsaye, ka shigo da rana tsaka ta ƙofar gaba. Za mu matsa mu ba ka wuri a lambu, ko yaya ne. Na yi maka alkawari ba zan tsokane ka ba sai bayan kwana uku.

Abu na ƙarshe. In ka gama karantawa ka adana takardar nan inda ba za ta dawo Kibiya ba. Da na dawo a wancan lokaci, na ce wa uwarka ni na ajiye aikin da kaina, don na kasa zama nesa da ita. Shekara ashirin ke nan tana ba mata wannan labari a gidan biki. Ka bar mata abinta.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa hannunka ya zama mai rayarwa. Ya tsare ka a tafiya da zama, Ya kiyaye maka sallarka da mutuncinka a garin da ba ka da kowa sai Shi da Kawunka Sule. Ya ba ka ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Ya dawo mana da kai lafiya, a lokacin da kai ka zaɓa. Amin summa amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idi